Abin da ya kamata ku sani game da ƙananan littattafan barkwancin Archie na lokutan bukukuwa

A manyan kantunan sayar da kayan masarufi na Amurka da Kanada, kusa da inda ake biyan kuɗi, an daɗe ana jera wasu ƙananan littattafai masu kauri a gefen alewa da cingam. A bangonsu za a ga wani saurayi mai jan gashi tsakanin 'yan mata biyu, ɗaya mai gashi ruwan zinariya, ɗaya mai baƙin gashi. Da zarar ƙarshen shekara ya gabato sai bangon ya sauya kama: kabewa da dodanni a watan Oktoba, dusar ƙanƙara da tulin kyaututtuka a Disamba. Waɗannan su ne littattafan zanen barkwanci na kamfanin Archie Comics. An yi su ne don yaro ya karanta ya jefar, amma yau akwai dattawa masu jikoki da ke bin su ɗaya bayan ɗaya suna tarawa.

Wane ne Archie?

Kamfanin ya fara ne a 1939 da sunan MLJ Magazines, daga haruffan farko na sunayen mutum ukun da suka kafa shi: Maurice Coyne da Louis Silberkleit da John Goldwater. Da farko labaran jarumai masu ƙarfin tsiya suke bugawa, kamar yadda ake yayi a lokacin. A watan Disamban 1941, cikin fitowa ta 22 ta mujallar Pep Comics, aka saka wani ɗan gajeren labari na wani matashi mai suna Archie Andrews, wanda Bob Montana ya zana. Yaron bai iya tashi sama ba, bai iya dambe ba, abin da ya iya kawai shi ne jefa kansa cikin rigima. Masu karatu suka karɓe shi hannu bibbiyu, har ya ture jaruman gefe. A 1946 kamfanin ya ajiye tsohon sunansa ya ɗauki na Archie.

Garin da labaran ke faruwa shi ne Riverdale, garin da babu shi a taswira. Mutanensa ba su da yawa, kuma kowa da halinsa da ba ya canzawa. Betty Cooper 'yar talakawa ce mai kirki da ƙwazo. Veronica Lodge, wadda ta shigo a 1942, 'yar attajiri ce, shagwaɓaɓɓiya mai ji da kai. Archie ya kasa zaɓar ɗaya a cikinsu fiye da shekara tamanin. Amininsa Jughead ba ruwansa da soyayya, cikinsa kawai ya sani, kullum da 'yar hularsa mai kama da kambi. Reggie shi ne ɗan tsokana mai fariya. Sai shugaban makaranta Mista Weatherbee, da malama Grundy, da Pop Tate mai shagon kayan sanyi inda matasan ke haɗuwa, da mahaifin Veronica wanda bai taɓa ganin Archie a gidansa ba tare da an fasa masa wani abu mai tsada ba.

Yadda ƙaramin littafin ya samo asali

Mujallar zane ta asali a Amurka siririya ce, galibi shafi 32, an ɗinke ta da ƙarfe a tsakiya. A 1973 kamfanin ya fito da Archie Comics Digest, littafi ƙarami da zai shiga aljihun jaka, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, amma mai kauri, an manne bayansa da gam kamar littafin karatu. Dabarar a fili take. Kamfanin yana da dubban labaran da ya riga ya biya masu zane kuɗinsu tun shekarun 1940. Sai ya rage girman shafukan, ya tattara tsofaffin labarai, ya ɗora sabo guda ɗaya ko biyu a gaba, ya yi sabon bango.

Ƙanƙantar littafin ce ta ba shi wurin zama kusa da mai karɓar kuɗi, inda uwa ke tsaye da yaro yana jan zanenta. Wannan ya taimaki kamfanin ƙwarai. Lokacin da sauran mujallun zane suka janye daga teburan masu jarida suka koma shaguna na musamman da masu sha'awa kaɗai ke shiga, Archie ya ci gaba da zama a gaban idon kowa. A shekarun 1980 aka fito da masu kauri ninki biyu da ake kira Double Digest, irin su na Betty da Veronica da na Jughead. Daga 2013 kuma aka fara buga wasu masu shafi 1,000.

Me ya bambanta fitowar bukukuwa?

Al'adar ware fitowa ta musamman don biki ta girmi ƙananan littattafan. A 1954 aka buga Archie's Christmas Stocking, wadda ita ce fitowar farko ta jerin Archie Giant Series, jerin da ya ci gaba har zuwa 1992. Daga baya Betty da Veronica ma suka samu tasu fitowar ta Kirsimeti duk shekara. Waɗannan labarai su ne rumbun da ake ɗiba a zuba cikin ƙananan littattafan ƙarshen shekara, ciki har da Archie's Holiday Fun Digest da ya riƙa fitowa shekara-shekara.

Kowane biki da irin barkwancinsa. A na Kirsimeti matsalar Archie guda ce: aljihu babu komai, ga 'yan mata biyu kowace na jiran kyauta. Sai ya nemi aikin wucin gadi a kanti, ya sa jar riga da farin gemun Santa Claus, ya ƙare da ɓarnar da ta fi albashinsa. Betty ta kwana tana saƙa rigar sanyi da hannunta, Veronica ta aika direba ya sayo mafi tsada a gari. Akwai kuma wasu halittu da ba sa fitowa sai a wannan lokaci, kamar Jingles, ɗan ƙaramin hadimin Santa wanda manya ba sa iya ganinsa. A bikin Halowin na 31 ga Oktoba, lokacin da yara ke shigar dodanni suna bin gidaje neman alewa, labaran sukan koma kan tsohon gidan da ake cewa akwai fatalwa, da kuma Sabrina, matashiyar matsafiya da George Gladir da Dan DeCarlo suka ƙirƙiro a 1962. Bikin godiya na Amurka na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba kuwa ranar Jughead ce, domin ranar ce ake gasa talotalo. Ranar masoya ta 14 ga Fabrairu ita ce ranar da Archie ke aika wa Betty katin da ya rubuta wa Veronica. Dogon hutun makaranta na tsakiyar shekara shi ma yana da nasa littattafan na bakin teku da yawon buɗe ido.

Labaran gajeru ne, yawanci shafi biyar ko shida, a tsakaninsu akwai barkwancin shafi ɗaya da wasannin wasa ƙwaƙwalwa. Mai karatu ya san yadda za a ƙare tun kafin ya fara, kuma sanin nan ne daɗin abin, kamar yadda yaro ya san Gizo zai yi wayo ya kuma sha kunya amma bai fasa neman a sake ba shi tatsuniyar ba.

Abin da masu tarawa ke nema

Littafi ɗaya zai iya ɗauke da labarin 1958 kusa da na 1975 kusa da na 2005. Matasan ba su tsufa ba, suna nan a sakandare, amma duniyar da ke kewaye da su tana sauyawa daga shafi zuwa shafi: yanayin ɗinki, gyaran gashi, motoci, faifan garmaho da ya koma kaset, wayar tangaraho da ta koma ta hannu. Ta haka mutum zai ga yadda rayuwar iyalin Amurka mai matsakaicin ƙarfi ta sauya, ko kuma yadda suke so a ga rayuwar tasu. Har sauyin al'umma yana bayyana. A farkon shekarun 1970 ne, alal misali, Chuck Clayton, matashi baƙar fata mai son zane, ya shiga cikin abokan Archie.

Masu tarawa da suka ƙware suna bin hannun mai zane ne. Tsofaffin labarai da yawa an buga su ba tare da sunan wanda ya yi ba, don haka gane hannu ya zama gwaninta. Dan DeCarlo, wanda ya rasu a 2001, shi ya tsara kamannin Betty da Veronica da aka fi sani a yau, kuma ya yi fice wajen zana tufafin zamani. Harry Lucey gwani ne wajen motsin jiki, mutum zai fahimci barkwancinsa ko bai karanta kalma ɗaya ba. Samm Schwartz shi ne gwanin zana Jughead, kuma yakan ɓoye wani ƙaramin abin dariya a bayan fage. Bob Bolling ya ƙirƙiro Little Archie a 1956, inda aka mayar da matasan yara ƙanana, kuma labaransa sukan taɓa zuciya fiye da saura.

Abu ɗaya da ke rikita sabon shiga shi ne kwanan wata. Masu buga mujallu a Amurka sukan sa watan da ke gaba a jikin bango don littafin ya daɗe a kanti. Saboda haka fitowar Kirsimeti takan zo da kwanan watan Janairu ko Fabrairun shekara mai zuwa. Cikakken suna da lamba da shekarar bugu suna cikin ƙananan rubutun da ke shafukan farko. Da shi ake tantancewa, ba da hoton bango ba, musamman da yake sunayen littattafan suna kama da juna.

Shin ana samun kuɗi da su?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Gaskiya ne tsofaffin mujallun Archie na asali suna da tsada. Fitowar farko ta Archie Comics ta 1942, wadda aka sayar senti 10, an yi gwanjon wani kwafinta mai kyau a 2011 a kan dala 167,300. Amma wannan siririyar mujalla ce da kaɗan suka rage a duniya. Ƙananan littattafan kuwa an buga su da yawan gaske, kuma mafi yawan abin da ke ciki maimaici ne. Galibinsu kuɗi kaɗan ake sayar da su, sau da yawa a dunƙule cikin kwali. Waɗanda ke ɗan daraja su ne fitowar farko ta kowane jeri da na shekarun 1970 da ba su lalace ba.

Lafiyar littafi ita ce farashinsa. Kamfanin CGC, wanda ya fara aiki a 2000, yana ba mujallu maki daga 0.5 zuwa 10, kuma littafin farashi na Overstreet yana fitowa tun 1970. Kafin ku saya, ku duba ko gam ɗin baya ya tsage, ko shafuka sun fara zubewa, ko wani yaro ya cike wasannin ciki da biro, ko an yanke takardar talla da almakashi.

Yadda za a adana su

Takardar irin ta jarida ce, mai arha, tana yin ja ta bushe idan ta sha rana da zafi. Masu tarawa sukan sa kowane littafi a ledarsa, su jera su a tsaye cikin akwati, ba a danne ba. Kada a buɗe littafin a shimfiɗe shi warwas, domin nan take bayansa ke karyewa. Kada a liƙe yagewa da salatif, gam ɗinsa yana cin takarda ya bar tabo. A yanayi irin namu abokan gaba sun fi yawa: gara da kyankyaso da ɓera, laimar damina da ƙurar hunturu. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bango mai jiƙewa, a riƙa buɗewa ana dubawa lokaci zuwa lokaci.

Kafin a miƙa wa yaro

Kamfanin ya daɗe yana tinƙaho da tsabtar labaransa. John Goldwater na cikin jagororin hukumar tace mujallun zane da masu bugawa suka kafa a 1954, kuma Archie na cikin na ƙarshe da suka daina amfani da tambarinta a 2011. A waɗannan littattafai babu zubar da jini, babu ashar. Turancin mai sauƙi ne, hoto yana taimaka wa kalma, shi ya sa littattafan suka samu karɓuwa sosai a ƙasashe irin su Indiya, inda har aka yi fim ɗin The Archies a 2023.

Duk da haka tarbiyyar Amurka ce a ciki. Akwai fita zance tsakanin saurayi da budurwa, akwai sumba, akwai kayan wanka a labaran bakin teku. Labaran Kirsimeti sun fi karkata ga kyauta da zumunci da taimakon marasa ƙarfi fiye da ibada, na Halowin kuma suna wasa da matsafa da fatalwa. Haka nan kada a haɗa waɗannan littattafai da shirin talabijin na Riverdale da aka fara a 2017, wanda ke ɗauke da kisa da abubuwan da ba na yara ba, ko da yake sunayen mutanen ɗaya ne.

Ga mai son fara tarawa, ba sai ya nemi komai da komai ba. Ya zaɓi biki ɗaya, ko mai zane ɗaya, ko shekaru goma da suka burge shi, ya riƙe takardar da yake rubuta lambobin da ya mallaka don kada ya sayi abu ɗaya sau biyu. Ku saya don karatu da nishaɗi, ba don jiran riba ba, kuma iyaye su fara karantawa da kansu kafin su miƙa wa yara.