Kulocin fankar mota: a canza shi kafin inji ya ƙone

Tsohuwar mota mai shan gazuwal ita ke kai albasarmu kasuwa, ita ke kai marar lafiya likita. Idan injinta yana zafi a tsaye ko cikin rairayi, a duba kulocin fanka. Shi ke sa fanka gudu idan zafi ya tashi.

A kashe inji, a zare makulli, a juya fanka da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka, ko mai yana yoyo, kuloci ya mutu.

A bari inji ya huce. A tsohuwar Hilux, noti 4 ke riƙe kuloci, 4 ke riƙe fanka. A kwance su, a ɗora fanka bisa sabon kuloci, a mayar, a ɗaure tamau.

Kada a buɗe lagireto da zafi: ruwansa yana ƙona fuska.