Ciwon jijiya: zaman jira kafin likita ya faɗi sunan cuta

Cikin cututtukan da ke kai mutane gidan likita, kaɗan ne ke tayar da hankali kamar waɗanda suka shafi ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙonta ga gaɓoɓi. Mai masassara ya san abin da ke damunsa, mai karaya kuma kowa na ganin ciwonsa. Amma wanda ya wayi gari tafin ƙafarsa ya mutu, ko yatsunsa na zuga kamar tururuwa na yawo cikinsu, ko hannunsa na kyarma in ya ɗauki kwanon sha, ba shi da abin da zai nuna wa jama'a. Ya tahi asibiti, an duba shi, an rubuta masa takardar gwaji, an ba shi randebu sai bayan sati uku ko wata guda. A cikin waɗannan kwanaki tsoro kan fi ciwon wahalar da shi, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Dalilin jinkiri

Alama guda tana iya fitowa daga cututtuka masu yawa. Mutuwar tafin ƙafa kan zo daga ciwon sukari, ko ƙarancin bitamin B12, ko shan giya, ko jijiyar da ƙashin baya ya danne, ko kuturta. Har maganin tarin fuka mai suna isoniazid kan jawo ta, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Saboda haka likita ba ya yanke magana ran farko. Yana farawa da gwajin jini da awon tansiyo, yana cire cututtuka ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mace ke tsince tsakuwa cikin wake.

In wannan bai wadatar ba, sai a nemi na'urori. Akwai EEG, mai rubuta wutar ƙwaƙwalwa, wanda Bajamushe Hans Berger ya fara gwadawa ga ɗan Adam a 1924. Akwai sikana, wanda aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da shi a Landan a 1971, akwai kuma IRM. Likitocin jijiya ba su da yawa a Nijar, galibinsu kuma suna Yamai, don haka mutumin Tawa ko na Damagaram yakan jira layi, ya tara kuɗin mota. Nisan randebu sau da yawa daga nan yake fitowa, bai kamata majinyaci ya ɗauka ana ɓoye masa mugun labari ba.

Ya dace kuma a san cewa da yawa cikin cututtukan da ake tsoro suna da magani. Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya kusan miliyan 50, ta kuma ce har 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Faɗuwa sau ɗaya ma ba ta isa a ce farfaɗiya ce ba. Kuturta tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, wanda ake bayarwa kyauta, kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana wannan aiki.

Alamun da ba su jiran randebu

Abu na farko da ke rage tsoro shi ne sanin ranar da ya kamata a gaggauta. In baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu da ƙafa na ɓangare guda suka saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a kai mutum asibiti nan take, ko da dare ne. Haka ma ciwon kai mai tsanani da ya faɗo kamar aradu, da zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, da jijjigar da ta wuce minti 5, da raunin da ya fara daga ƙafafu yana hawa sama cikin kwanaki kaɗan, da kasa riƙe fitsari tare da mutuwar cinyoyi. A nan da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda likita ya riga ya duba, kuma babu ko ɗaya cikin waɗannan alamu tare da shi, yana da hujjar kwanciya ya yi barci.

Tsoro ma yana da alamunsa

Mai fargaba yakan riƙa numfashi sama-sama da sauri ba tare da ya lura ba. Wannan yana fitar da iskar karbon daga jini fiye da kima, sai leɓɓa da yatsu su fara zuga, jiri ya kama shi, wani lokaci yatsu su ƙage. Rashin barci da yawan shan shayi mai ƙarfi suna ƙara kyarmar hannu da rawar fatar ido. Ga shi kuma wanda ya zuba wa gaɓa guda hankali dare da rana yana jin duk wani motsi da a da ba ya kula da shi. Ta haka ciwo ke haifar da tsoro, tsoro ya ƙara wa ciwo nauyi.

Wannan bai sa ciwon ya zama ƙarya ba, kuma ba dalilin fasa randebu ba ne. Amma ana iya sauke rabon da tsoro ya ɗora. In zuciya ta fara bugawa, mutum ya zauna, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake ta a hankali yana ƙirga shida, har tsawon minti biyar. Ya riƙe lokacin kwanciyarsa, ya rage shayin dare, ya ci gaba da aikin da jikinsa zai iya. Addu'a da zama cikin ƴan uwa suna kwantar da zuciya, kuma ba su hana komawa wurin likita.

Aikin kaye da biro

A nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci zai ci moriyar karatunsa. Likitan jijiya yana dogara ƙwarai ga labarin ciwo, mutum kuwa in ya shiga ofishin likita sai ya mance rabin abin da ya zo da shi. Sai a sami ƙaramin kaye, a rubuta sau ɗaya a yini, da boko ko da ajami: ranar da alamar ta zo, gaɓar da ta kama, tsawon lokacinta, abin da ake yi sa'ad da ta fara, da duk maganin da aka sha, har na gargajiya. In an rubuta sai a rufe kaye, kada a koma ana matsa ƙafa ana gwada ta kowace sa'a. In ciwon na faɗuwa ne, wanda ya gani da idonsa ya raka majinyaci, hoton bidiyo na salula kuma yana taimakon likita ƙwarai. Wanda ya iya rubutu ya yi wa maƙwabcinsa da bai iya ba.

A shafin ƙarshe a tanadi tambayoyi uku: wace cuta ake nema da wannan gwaji, yaushe sakamako zai fito, wace alama ce za ta sa a dawo kafin ranar. Majinyaci yana da haƙƙin a ba shi amsa da harshen da yake ji.

Nauyin dangi da shugabanni

Mutanen gida su guji kawo labarin wane da ya yi irin wannan ciwo ya mutu, su guji saurin cewa sammu ne ko iskoki, domin zargi na raba zumunci, yana kuma cinye kuɗin da za a yi gwaji da su. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. Mai jijjiga a kawar masa da wuta da ƙarfe, kada a cusa masa kome a baki, in ta lafa a kwantar da shi bisa gefe. Wanda ke suma ya dakata da tuƙi, da hawan itace, da jan ruwa a rijiya shi kaɗai, har likita ya ba shi izini. Kada kuma a bar maganin da aka rubuta ba da shawarar likita ba.

Shugaban ma'aikata da ya ba ma'aikacinsa izinin zuwa randebu a kan lokaci, ya kuma rufa masa asiri, ya sauke masa rabin kaya. Ma'aikacin lahiya da ya ɗauki minti biyu ya bayyana dalilin jira, shi ma magani ya bayar.

Wani lokaci gwaje-gwaje duka su fito lahiya lau alhali alamar tana nan. Likitoci sun san irin wannan: jijiya ba ta lalace ba, aikinta ne ya rikice, kuma motsa gaɓoɓi a hannun masana da kwantar da hankali suna gyara shi. Wani ciwon kuma sai an bi shi wata da watanni kafin ya nuna kansa. Ko wanne ne, majinyaci ya adana karnensa da takardun gwaji wuri guda, ya koma ranar da aka sa masa, da kayensa a hannu.