Idan Kamfanin I-mel Ya Sauya Suna, Ina Makomar Takardun Ɗan Kasuwa?

A kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Birnin Ƙonni, ɗan kasuwar da ke odar kaya daga Dubai ko Guangzhou ko Kwatano ya san cewa akwatin i-mel ɗinsa wani ɓangare ne na jarinsa. A ciki ne rasiɗai suke, da takardar lodin kaya a jirgin ruwa, da lambobin wakilai. Shi ya sa duk lokacin da jita-jita ta ɓulla cewa kamfanin da ke riƙe da akwatin zai sauya suna, hankalin mutane kan tashi. Tarihin kamfanin Apple na ƙasar Amurka, wanda ya sauya wa wannan hidima tasa suna har sau uku, ya isa ya nuna mana inda haɗarin yake.

A watan Janairun 2000 ne Apple ya buɗe hidimar da ya kira iTools, inda yake ba masu kwamfutarsa adireshi mai ƙarewa da mac.com kyauta. Ba a daɗe ba, a watan Yulin 2002 sai ya mayar da sunan .Mac, ya kuma sanya kuɗin shekara na kusan dala 100. Wanda bai biya ba ya rasa akwatinsa, tare da adireshin da ya riga ya rarraba wa jama'a.

A 2008, makonni kafin babban taron shekara na kamfanin, raɗe-raɗi suka bazu cewa za a sake sauya suna. Ruwa ba ya tsami banza, domin a watan Yuni aka sanar da MobileMe, wanda aikinsa shi ne daidaita saƙonni da lambobin waya da kalanda tsakanin wayar iPhone da kwamfuta, ta yadda abin da mutum ya rubuta a ɗaya zai bayyana a ɗayar. Sai dai farawar ta zo da tangarɗa. Wasu masu hulɗa da kamfanin sun kwashe kwanaki ba su iya buɗe saƙonninsu ba, har ta kai Apple ya ba da haƙuri ya ƙara wa mutane wa'adi kyauta. 'Yan damfara kuwa ba su yi barci ba, domin a cikin wannan ruɗani suka riƙa aika wasiƙun bogi da sunan kamfanin suna neman lambobin katin banki.

Karo na uku ya zo a 2011. Tun a watan Fabrairu aka lura kamfanin ya daina sayar da kwalin MobileMe a shaguna, sa'an nan a watan Afrilu rahotanni suka ce ya sayi adireshin icloud.com daga wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Xcerion. Ranar 6 ga Yuni marigayi Steve Jobs ya gabatar da iCloud, aka buɗe shi ranar 12 ga Oktoba, da wurin ajiya na gigabait 5 kyauta. A wannan karon adireshin bai mutu ba. Duk wanda ya kwashe zuwa iCloud ya ci gaba da karɓar saƙo ta mac.com ko me.com. Amma ranar 30 ga Yunin 2012 aka rufe MobileMe baki ɗaya, tare da ma'ajiyar takardu ta iDisk da ta hotuna ta Gallery, waɗanda ba a ɗauke su zuwa sabuwar hidimar ba. An ba mutane sanarwar shekara guda, kuma wanda ya yi sakaci bai sauke kayansa ba, shi ya jawo wa kansa.

Haka ma Hotmail, wanda da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu suka fara buɗewa a shagunan intanet. An kafa shi a 1996, Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997, ya zama Windows Live Hotmail a 2007, daga bisani aka kwashe kowa zuwa Outlook.com a 2013. Duk da haka adireshin hotmail.com yana aiki har gobe. Ma'ajiyar kamfanin kuwa, wato SkyDrive, ta koma OneDrive a 2014 bayan wata shari'a kan suna da ya sha kaye a Ingila, kuma takardun mutane suka bi su zuwa sabon sunan.

Abin lura a nan shi ne, sauyin suna shi kaɗai bai cika cinye wa mutum komai ba. Asarar takan biyo bayan sauyin sharuɗɗa da ke rakiyar sabon sunan, kamar sanya kuɗi a 2002 ko rufe ma'ajiya a 2012. Don haka idan jita-jita ta zo, abin tambaya shi ne ko tsohon adireshi zai ci gaba da aiki, ko za a fara biyan kuɗi, kuma wace rana ce ta ƙarshe ta kwashe kaya.

Akwai kuma abin da ya fi sauyin suna kashe adireshi, wato barin akwati ba a buɗewa. A 2013 kamfanin Yahoo ya ƙwace adireshin da suka shekara ba a shiga ba, ya kuma ba wasu sababbin mutane damar ɗaukarsu. Google shi ma ya sanar da cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Mai shagon da ya buga adireshi a kan katinsa da allon shagonsa, ya koma WhatsApp ya manta da akwatin, yana iya wayar gari abokin ciniki na aika takarda inda ba ta isa gare shi.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, ga shawara. Kada ku danna wata mahaɗa a cikin saƙon da ya ce an sauya suna, ku sake shigar da kalmar sirri ko a rufe akwatin cikin awa 24. Kamfanonin nan ba sa neman kalmar sirri ko lambar kati ta i-mel, kuma sanarwar gaskiya tana fitowa ne a shafinsu, da wa'adi na watanni. Ku riƙa leƙa kowane akwati ko da sau ɗaya a wata. Ku tabbatar lambar wayar da kuka yi rajista da ita tana hannunku, musamman masu riƙe da layin Nijar da na Najeriya, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya na iya sayar wa wani. Muhimman takardu, irin na kwastan da rasiɗin biyan kuɗi, a sauke su a buga a takarda a adana a shago. Kuma idan yaron shago ne ya buɗe muku akwatin, ku karɓi kalmar sirrin ku sauya ta tun kuna tare.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare dukiya.