Abubuwan mamaki 7 a tsohon gidan gona na Sule Tankarkar

A ƙauyukan Sule Tankarkar, cikin masarautar Gumel, daf da iyakar Nijar, har yau akwai gidajen ƙasa da suka ga jikoki da tattaɓa kunne. Mai wucewa zai ɗauka laka ce da kara kawai, amma kowane lungu da hikimarsa.

1. Katanga mai kiyaye zafi. Da tubali ake gina ta, gindi ya fi sama kauri. Tana shanye zafin rana, ba ta sake shi sai dare, shi ya sa ɗakin soro yake da sanyi a tsakar bazara, da ɗumi a lokacin hunturu.

2. Azarar da ta gagari gara. Daga giginya ake tsaga ta. Sau da yawa gini ya rushe, a zaro azarar da ƙarfinta a sake rufi da ita.

3. Makuba. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa, a yayyafa ruwan a daɓe. Ya bushe ya yi tauri da duhu, ruwa ba ya cin sa da wuri.

4. Rumbu ba ya taɓa ƙasa. A kan duwatsu ko gumagumai ake ɗora shi, iska ta ratsa ƙarƙashi, danshi da gara su rasa hanya. Geron da aka zuba da zangarniyarsa yakan shekara biyu ko uku, har ma a ɗebi iri a ciki. Kaji kuwa a inuwar ƙasan rumbun suke ƙailula.

5. Gawo, bishiya mai saɓa wa lokaci. Da damina, sa'ad da sauran bishiyoyi ke fitar da ganye, shi zubarwa yake. Da rani ya yi kore shar. Saboda haka gero yana samun rana da taki a gindinsa, dabbobi su sami 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun taɓa sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi.

6. Kara ya biya taki. Bayan girbi Fulani su sauka a gona, shanu su ci kara, su bar kashi. Burtali ne ke kai garke makiyaya da mashaya ba tare da ɓarna ba, tun kafin dokar keɓe makiyaya ta Arewa ta 1965.

7. Daji ma rumbu ne. Kuka ta ba da miya da igiya, aduwa da kurna su ba yara abin tsotsa, dakwara ta ba da ƙaro. Ragon da aka kiwata da harawa a bayan gida kuwa, ranar Alhamis sai kasuwar Maigatari.

Kwano da bulo sun shigo, kuma suna da amfaninsu. Amma duk wanda ke da dattijon magini a garinsu, ya je ya zauna da shi tun yana da rai, ya ga yadda ake murza tubali da yadda ake jera azara.