Tsakanin Mai Tausa Da Wanda Ake Tausa

Duk wanda ya wuni yana dakon buhunan albasa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko ya kwana a bayan motar shanu daga Arewa zuwa Ibadan, ya san darajar tausa. A Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan, galibi wanzamai da maɗora ne ke yi wa 'yan ci-rani wannan aiki. Amma fa aikin yana da ladubbansa, kuma yawancinsu a baki suke.

Da farko akan yi sallama, a tambayi gajiya da labarin gida. Mai tausa na ƙwarai ba ya kai hannu sai ya yi tambaya: "Malam, ina ne ke ciwo? Tun yaushe? Faɗuwa ka yi ko kuwa nauyi ka ɗauka?" In dattijo ne, "Baba" zai kira shi, ya kuma nemi izini kafin ya ɗaga masa riga. Wurin da za a tausa kaɗai ake buɗewa, sauran jiki a bar shi a rufe. Namiji ya tausa namiji, mace kuwa 'yar'uwarta mace, kamar yadda ungozoma ke yi wa mai jego. Maganar kuɗi a gama ta tun kafin a shafa man kaɗanya, don kada a rabu baram-baram.

To, inda gizo ke saƙa shi ne dauriya. Mutanenmu da yawa sukan cije baki su yi shiru, wai kada a ce su ragwaye ne. Alhali kuwa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan zafi ya yi tsanani, sai mutum ya ce, "Sassauta," mai tausa kuma ya sassauta nan take. Mai zazzaɓi, da mai ciwon sukari, da mace mai juna biyu, wajibi ne su faɗa tun farko.

Akwai ma ciwon da tausa ke ƙara wa haɗari. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi bayan doguwar tafiya a mota, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, matsawa kuwa tana iya tura gudan jinin zuwa huhu. Haka kuma karaya takan yi kama da targaɗe. A nan mai tausa mai tsoron Allah zai janye hannunsa, ya tura mutum asibiti, kamar na ƙashi da ke Igbobi ko Asibitin Koyarwa na Ibadan. Wanda ba ya jin Yarabanci ko Turanci ya tafi da tafinta.

Hira kuwa, wanda ake tausa shi ke ja. In ya yi shiru a ƙyale shi ya huta, kada a tono masa zancen bashi ko na iyali. Abin da ya faɗa, da abin da aka gani a jikinsa, amana ne. A zango kowa ya san garin kowa, magana guda takan riga mai ita isa gida. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.