Goyo a Hanyar Gabas

Sa'ad da nake yaro a Gozaki, akwai wata tsohuwa a unguwarmu wadda in ranta ya ɓaci sai Hausa ta ƙwace mata, ta shiga zazzaga faɗa da Larabcin Sudan, mu kuwa mu laɓe bayan danga muna ƙyalƙyala dariya, ba mu san cewa harshen da muke yi wa dariyar nan da shi aka yi mata tawai ba. An fita da ita daga garin nan tana goye a bayan mahaifiyarta, da kaka, bayan an cire auduga an sayar, aka nufi gabas da niyyar sauke farali, ba ta kuwa sake shan ruwan Gozaki ba sai da ita ma ta ɗaura wa nata ɗan majanyi. Mahaifinta ne ya dawo da sunan Alhaji. Mahaifiyar, Allah ya jiƙanta, tana kwance a wani wuri tsakanin Darfur da Kordofan wanda 'yar ba ta iya faɗin sunansa.

Wanda duk ya yi mamakin abin da zai sa manomi ya kwashi mata da ƙananan 'ya'ya ya fuskanci tafiyar shekaru a ƙasa, to ya kamata ya fara duba abin da malamanmu na Malikiyya suka fahimta da istiɗa'a, wato ikon da ke wajabta Hajji. A wurinsu ba a sharɗanta guzuri da abin hawa ba ga mutumin da ke iya tafiya da ƙafa kuma yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, matuƙar akwai aminci ga rai da dukiya kuma babu mashaƙƙa mai tsanani. Saboda haka wanzami da baduku da mai fartanya duk suna iya ganin kansu cikin waɗanda kiran ya hau kansu. Amma Shehu Halil, a babin Hajji na littafinsa Muhtasar, ya sauƙaƙa wa mace tafiyar ƙasa mai nisa, yaro kuwa da ma ba mukallafi ba ne: in an yi Hajji da shi ya inganta, waliyyinsa ya yi masa niyya kuma ya sami lada, kamar yadda ya tabbata a hadisin matar nan da ta ɗaga jaririnta ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai dai farillar tana nan a wuyansa in ya balaga. Ka ga ke nan mutum biyun da shari'a ta ɗauke wa nauyin, uwa da ɗa, su ne al'ada ta ɗora wa mafi tsananinsa, domin magidanci ba ya iya barin iyali shekara bakwai ko goma ba tare da gidan ya watse ba, ba ya kuma iya zaman baƙunta a ƙasar wasu ba mai dafa masa.

Hanyar sananniya ce: Kano, Maiduguri, a ƙetare kogi a shiga Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, a ratsa Wadai zuwa Abeshe, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, sannan Ubayyid, inda mai kuɗin tikiti zai iya hawan jirgin ƙasa, daga nan sai bakin Bahar Maliya, Sawakin ko Port Sudan, a jira jirgin ruwan Jidda. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi nasa Hajjin a 1921 ta teku, har ya biya ta Ingila, amma wannan tafiyar sarakuna ce. Talaka jaki gare shi, kuma a kan jakin nan, tsakanin mangalar gero da salkar ruwa, ake dasa ɗan shekara uku, a ɗaure shi da rawani kada gyangyaɗi ya kayar da shi. Wanda ya kai shida ko bakwai sai ya taka, shi ne kuma, ba madugu ba, ke yanke nisan zango, gama ayari ba ya wuce inda ƙafar ƙaraminsa ta tsaya. Ana tashi tun kafin asalatu don a ci ƙasa da sanyi, a sauka da hantsi. Maza su nemi inuwa su buɗe Alƙur'ani, uwa kuwa a sa'an nan aikinta yake farawa, ta nemo itace da ruwa, ta dama garin gero, ta cire ƙaya daga tafin ƙafa, ta ba da nonon da yunwa ta riga ta rage. Ƙyanda da agana da gudawa ba sa tambayar niyyar matafiyi. Sau da yawa akan yi jana'iza da safe a ɗaura kaya da la'asar.

Mutanen wannan yanki namu suna da wata fa'ida da ta zame musu tarko. Ƙasar Gozaki da Malumfashi da Funtua ƙasar auduga ce, yaro yana buɗe ido da ita. Da aka kammala madatsar Sannar ta Sudan a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai ga aikin da suka fi kowa iyawa yana jiransu a tsakiyar hanya. Cirar auduga kuwa aiki ne da ƙananan yatsu ke yi da kyau, don haka yaron da ya baro gida a matsayin kaya sai ya zama mai kawo kuɗin jirgi. A ce bari a yi kaka ɗaya a tara guzuri, kaka ta zama biyar, a haifi wasu, a aurar da wasu, a binne wasu. Ga kuma 'yan'uwa da suka riga su zama, tun ayarin da ya bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har suka kafa garin Mai Wurno a gefen Shuɗin Nilu. Masanin nan Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Sudan ya rubuta littafi a kansu a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen da ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ko Makka ba, amma suna ɗaukar kansu mahajjata da ke kan hanya. Sudan tana ce musu Fallata, Hijaz tana ce musu Takari. A Hijaz ɗin ma akwai abin da dattawa ba sa son a tono, wato yaran da aka sace ko aka yaudari iyayensu aka sayar, kafin Saudiyya ta haramta bauta a 1962.

Yau mutum yana sallar azahar a Kano ya yi isha'i a Jidda, abin da ya rage na wahala bai wuce fasfo ga kowane yaro, da biza, da katin rigakafi, da ɗigon shan-inna ba. Hajjin kansa ma an fara rufe wa yara ƙofarsa: bayan zafin 2024, wanda hukumomin Saudiyya suka ce ya yi ajalin mutum fiye da 1,300, sai suka sanar a 2025 cewa kada a zo da ƙananan yara, ni kuwa ban ga aibin wannan hukunci ba ko kaɗan, hasali ma ya fi kusa da ruhin abin da fuƙaha'u suka faɗa. Saura Umra, musamman ta azumi, wadda masu hali daga Funtua da Malumfashi suka mayar tafiyar iyali ta mako biyu ko wata guda.

Na taɓa yin irinta da nawa iyalin, da yara uku, babbansu shekara takwas. Na rubuta lambar waya a ƙyalle na ɗaura wa kowannensu a wuyan hannu, na saɓa ƙaramin a kafaɗa na yi ɗawafi da shi, ya riƙe kunnuwana yana kallon Ka'aba ta saman kawunan jama'a, har na ji a raina lalle na yi abin kirki. A kwana na huɗu zazzaɓi ya kama ta tsakiyar, sai goman ƙarshe ta rabu gida biyu ba tare da kowa ya yi shawara ba: ni ina Harami daga magariba har a idar da tahajjud, uwarsu tana ɗakin masauki da jiƙaƙƙen tawul da kofin kunu, tana jin ƙira'ar liman ta taga. Da muka dawo Gozaki aka cika zaure ana yi mini barka da ibada, ana tambayata yadda na ga daren ashirin da bakwai. Ita kuwa matan da suka shiga cikin gida tambayar da suka yi mata ita ce ko yara sun ba ta wahala, ta ce a'a, alhamdu lillahi, ta miƙo musu dabino da zamzam.