Haihuwa a Asibiti: Tsakanin Yawan Sa Hannu da Rashin Taimako

A cikin ƙarni na 20 haihuwa ta tashi daga ɗakunan gida ta koma asibiti a yawancin ƙasashen Turai da Amurka, kuma a daidai wannan zamani ne mutuwar mata masu juna biyu ta ragu ƙwarai, saboda samuwar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin jini, da tiyatar da ake yi cikin tsabta. Sai dai wannan nasara ta zo da wata ɗabi'a, wato ɗaukar kowace naƙuda kamar ciwon da dole sai an sa masa hannu, ko da lafiyar uwa da ta ɗan da ke cikinta ƙalau take. Abin da ake nufi da sa hannu a nan shi ne duk matakin da likita ko ungozomar asibiti za su ɗauka don tayar da naƙuda, ko gaggauta ta, ko fitar da jariri ta wata hanyar da ba ta ɗabi'a ba.

Tushen gaggawar da ake yi wa naƙuda yana komawa ga wani likita Ba'amurke, Emanuel Friedman, wanda a tsakiyar shekarun 1950 ya auna yadda bakin mahaifa ke buɗewa, ya zana hakan a jadawali. Daga baya likitoci suka ɗauki santimita ɗaya a kowace sa'a a matsayin ƙa'ida, kuma babban asibitin haihuwa na birnin Dublin a ƙasar Ireland ya yi suna a ƙarshen shekarun 1960 da tsarin fasa faya da wuri da ɗaura wa mace ruwan naƙuda idan ta gaza wannan ma'auni. Ruwan naƙuda yana ɗauke ne da sinadarin oksitosin, wanda jikin mace ke samarwa da kansa don mahaifa ta riƙa matsewa, kuma tun 1953 aka iya haɗa shi a ɗakin bincike. Magani ne mai ceton rai idan an yi amfani da shi a muhallinsa, musamman wajen tsayar da jini bayan haihuwa, amma idan ya yi yawa a lokacin naƙuda yana sa mahaifa ta matse babu hutu, jariri ya galabaita, har ma mahaifar ta iya fashewa.

Matsalar ita ce mataki ɗaya yakan jawo na biyu. Macen da aka ɗaura wa ruwan naƙuda ciwonta yakan tsananta, sai ta buƙaci allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya. Ita kuma allurar takan hana ta tashi ta zagaya, takan kuma tsawaita lokacin nishi. Sannan na'urar da ke bibiyar bugun zuciyar jariri ba tsayawa takan nuna alamun da ke tsorata ma'aikata, alhali sau da yawa babu komai. Nazarin da aka tattara kan wannan na'ura ya nuna cewa, idan aka kwatanta ta da sauraron bugun zuciya lokaci zuwa lokaci, ta rage farfaɗiyar jarirai sabbin haihuwa, amma ba ta rage mutuwarsu ba, kuma ta ƙara yawan matan da ake yi wa aiki. Haka ma ƙari, wato yankan da ake yi wa mace a gabanta don faɗaɗa hanyar fitowar jariri, wanda aka daɗe ana yi wa kusan duk mai haihuwar fari da zaton yana hana yagewa, har bincike ya tabbatar da cewa yin sa ga kowa ba ya hana mummunar yagewa.

Inda abin ya fi bayyana shi ne tiyatar ciro jariri. A wani taro da aka yi a birnin Fortaleza na Brazil a 1985, masana ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce babu dalilin da zai sa yawan tiyatar ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kowane yanki. A 2021 hukumar ta bayyana cewa adadin ya kai kashi 21 a duniya baki ɗaya, kuma a ƙasashe irin su Brazil da Masar da Turkiyya waɗanda ake haifa ta tiyata sun fi waɗanda ake haifa ta hanyar ɗabi'a yawa. Ba jikin matan waɗannan ƙasashe ne ya sauya ba. Kuɗin da asibitoci masu zaman kansu ke samu, da tsoron ƙara a kotu, da sauƙin tsayar da ranar aiki, su ne suka sauya lissafi. Tiyatar da ba ta da dalili kuwa bashi ce da mace kan biya a ciki na gaba, domin tabon mahaifa na iya fashewa, mabiyiya kuma na iya maƙalewa a kansa, kuma wannan haɗari ya fi tsanani ga matan da ke son haihuwa da yawa.

Hanyoyin da aka kawo a madadin wannan tsari ba duka ne suke da hujja iri ɗaya ba, amma biyu daga cikinsu sun tsaya da ƙafafunsu. Ta farko ita ce kasancewar wata mace tare da mai naƙuda daga farko har ƙarshe, tana ƙarfafa mata gwiwa, tana ba ta ruwa, tana shafa mata baya. An fara gwada wannan a ƙasar Guatemala, aka wallafa sakamakon a 1980, kuma gwaje-gwaje fiye da 20 da suka biyo baya sun nuna cewa irin waɗannan mata naƙudarsu ta fi gajarta, kuma an fi ƙarancin yi musu aiki. Ta biyu ita ce barin ungozomomi masu horo su jagoranci kula da matan da cikinsu ba shi da matsala. Wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 2011 kan mata sama da 64,000 ya gano cewa a cibiyoyin ungozoma sa hannu ya ragu sosai ba tare da ƙarin haɗari ga jarirai ba. Haihuwa a gida ma ba ta ƙara haɗari ga waɗanda suka taɓa haihuwa ba, amma ta ƙara shi ga masu haihuwar fari, kuma kusan kashi 45 cikin ɗari daga cikinsu sai da aka kai su asibiti. Dole a lura cewa a can ungozoma mai horo tana ɗakin, motar asibiti kuma tana jiran kira.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari 56 da suka karɓi mafi yawan wannan hujja: ta ce ƙa'idar santimita ɗaya a sa'a ba ta dace da kowace mace ba, ta hana yin ƙari ga kowa da danna cikin mace don turo jariri, ta kuma amince mai naƙuda ta ci ta sha, ta zagaya, ta zaɓi wanda zai zauna da ita da kuma yanayin da za ta haihu a kai.

Kuskure ne babba a ɗauko wannan muhawara yadda take a sauke ta a ƙasar Hausa, domin a nan abin da ya fi kashe mata shi ne rashin taimako a lokacin da ake buƙatarsa. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16, yayin da tiyata ba ta wuce kashi 3 ba a faɗin ƙasar. Tun a 1985 Farfesa Kelsey Harrison, bayan nazarin haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba, waɗanda sai rai ya kai ga halaka ake kawo su. Cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina cike take da masu yoyon fitsari, kuma yawancinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, wadda tiyata a kan lokaci za ta iya hanawa.

Duk da haka, hujjar masu neman a rage sa hannu tana da amfani a nan ta wata fuska. Macen da ta saba haihuwa a durƙushe, kusa da mahaifiyarta, cikin sutura da kunya, idan ta ji cewa a asibiti za a kwantar da ita rigingine, a hana kowa nata shiga, a yi mata tsawa, a kuma yi mata ƙari ba tare da an tambaye ta ba, to tana da dalilin da zai sa ta zauna a gida, kuma wannan zama ne ke zama ajalin wasu. Labule tsakanin gadaje, da barin uwa ko yaya ta shiga, da ƙyale mace ta haihu a kan gwiwa, ba sa buƙatar kuɗi masu yawa. A gefe guda kuma, allurar naƙuda da ake saya a kemis a yi wa mace a gida, ba tare da mai lura da bugun zuciyar jariri ba, ita ce mafi munin nau'in sa hannu.

Akwai kuma matakan da ya kamata a ƙara. Wani gwaji da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci kusan 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, tare da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni don gane yawan jinin da mace ta zubar, tare da haɗa magungunan tsayar da jini a ba ta lokaci guda, ya rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Jamhuriyar Nijar ta daɗe da ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa, Nijeriya kuma ta sanar da irin wannan shiri ga marasa ƙarfi a 2024, sai dai macen ƙauye ba za ta ci moriyarsa ba muddin babu motar da za ta kai ta cikin dare, babu jini a ajiye, kuma babu likitan da zai karɓe ta idan ta isa.